Kwano Bakwai da Kujerar Roba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Kaduna lafiya, mota ba ta ba ku wahala ba, masaukin da aka yi maka alkawari kuma ya tabbata. Na cusa wannan takarda ne a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin busasshen zogalen da Innarka ta sa maka, don na san ba za ka gan ta ba sai yunwa ta kai hannunka wurin. Da na ce zan zaunar da kai in faɗa maka da baki, "to Baba, to Baba" za ka yi ta yi kanka a sunkuye, hankalinka kuma yana kan waya.

Murnar da nake yi da wannan aiki naka ba ta faɗuwa. Har gona na je ina yi wa dawa dariya ni kaɗai. Amma ba maganar aiki ce ta sa na ɗauki biro ba, maganar cikinka ce. Tun ranar da aka yi maka gwajin ɗaukar aiki likita ya ce sukarin jininka ya fara hawa, ka rage ƙiba tun kafin abin ya zama ciwo, na ga ka dage. Wata biyu kana cin abin da Innarka take dafa mini, har wuyanka ya fara fitowa. To ga shi ka tafi inda babu Inna. Kuma ranar sunan gidan Gwaggonka Tabawa ina kallonka ta gefen ido lokacin da ta dire maka tiren waina da shinkafa. Na ga ka buɗe baki za ka yi magana, ta ce, "Au, abincin nawa ne ba za ka ci ba?" Sai ka sunkuya ka share shi tas. Ni na san inda ka gado wannan kunya. Tawa ce, kuma ita ta zaunar da ni a kan kujerar roba shekara biyu.

Ka tuna kujerar ai. Farar nan ta ƙarshen sahu a masallacinmu, kusa da taga. A kanta nake salla lokacin da gwiwoyina suka ƙi ɗaukata. Mutane suna kai goshi ƙasa, ni ina duƙa kai a iska kamar mai gyangyaɗi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk sanda liman ya yi kabbarar sujada na ji sahu ya tafi ƙasa ya bar ni a sama, sai zuciyata ta yi baƙi. Ni da na yi noman kadada da fartanya, a ce goshina ya gagara taɓa tabarma.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki teɓa a matsayin rufin asiri. Da na fara ajiye tumbi, mutane cewa suke, "Malam Ado, lallai damina ta yi kyau." Ni kuma in shafa shi ina murmushi. Habu mahauci ne kaɗai yake faɗa mini gaskiya, shi ma cikin tsiya. Wata ranar kasuwa ya ja ni ya ɗora ni a sikelin masu sayen gyaɗa, mai sikelin ya duba ya ce buhu guda ne da ɗoriya. Aka yi ta dariya, ni na fi kowa ƙyaƙyatawa. Sai da ƙishirwa ta ishe ni, fitsari ya hana ni zaman majalisa, sannan Innarka ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Kai an faɗa maka tun kana da ƙarfinka, kana hawa keke kana sauka. Wannan ba ƙaramar kyauta Allah ya yi maka ba, kada ka yi wasa da ita.

Likitar da ta duba ni yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar yayarka ba. Ta ce in lissafa mata abin da nake ci daga safe zuwa dare. Na ce koko da sukari da safe, fura da hantsi, dambu ko shinkafa da rana, tuwo da magariba, in an samu hali a bi da shayi da burodi. Har da ƙarawa na yi da cewa ni ai ba ni da ci, iri-iri kawai nake taɓawa. Ta yi dariya ta ce, "Baba, duk abin nan da ka lissafa abu ɗaya ne, riga kawai yake sakewa. Da ya shiga ciki sukari yake komawa." Ta ɗauki takarda ta zana mini faranti. Rabi ganye, ta ce, zogale ko rama ko kabeji ko duk abin da ke lambu. Gefe guda ƙwai ko kifi ko nama ko awara. Tuwo kuwa sau ɗaya a rana, kada ya wuce dunƙulen hannuna. Na dubi hannuna, na dube ta, na ce ina ma da hannun Habu aka auna.

Da na dawo gida sai na tafka kuskure na biyu. Na ce ai ni namiji ne, tunda an ce a rage, bari in daina gaba ɗaya a gama da wuri. Kwana uku ba na cin komai sai ruwa da 'yar gyaɗa, kuma a tsakiyar noman farko. Rana ta huɗu ina cikin noman kunya ta biyu na ga gero yana juyawa. Na farka na gan ni a gindin ɗorawa, Malam Iro maƙwabcinmu yana yi mini fifita da malafarsa. Da aka mayar da ni wurin likitar, faɗa ta yi mini sosai. Ta ce mai shan maganin sukari ba ya wasa da yunwa, ita ba ta ce in bar ci ba, cewa ta yi in sake abin da nake ci. To ka ji, Abba. Kada ka zauna da yunwa da sunan rage ƙiba. Ka ci ka ƙoshi, amma ka san da me ka ƙoshi. Kuma da ka zauna a can ka nemi likita guda ka riƙe, duk abin da za ka sake a cinka ya sani.

Akwai wani shirme da na yi wanda har yau Innarka take yi mini gori a kansa. Mota ta tsaya a kasuwa da lasifika, mai ita yana rantsuwa yana da garin da ke narkar da teɓa a kwana bakwai, ka ci duk abin da kake so. Na faki ido na saya, na ɓoye a aljihun 'yar ciki. Ba zan ba ka labarin abin da ya biyo baya ba saboda girmana, amma kwana biyu buta ba ta huta ba. Innarka tana tankaɗe a tsakar gida, duk wucewar da zan yi sai ta ce, "Sannu Malam, ana ta narkewa?" A birni za ka ga irinsu da yawa, har a cikin wayarka, wasu da kwalba mai kyau da hoton siririn mutum. Ka wuce su.

Sai kuma fura. Na bar kokon safe da dambun rana, na bar burodi, amma kullum da hantsi sai an dama mini ƙwarya guda. A lissafina fura ba abinci ba ce, abin jiƙa maƙoshi ne. Innarka ce ta ce mini, "Malam, da me nake yin furar nan? Ba geron da ka noma ba ne?" Daga ranar aka koma kindirmo zalla, ba fura ba sukari. Makon farko ji nake kamar an yi mini rasuwa. Yanzu in aka sa sukari a nono ba na iya sha, zaƙin hawa mini kai yake. Harshe yana sabawa, ka ba shi lokaci kawai. A can kuma furarka za ta zo ne a kwalbar lemo, za ka ce ai ɗan sanyi ne kawai na sha. Ka tuna da ƙwaryar ubanka.

Yanzu na zo kan babban kuskuren, wanda saboda shi na zauna rubutun nan.

Ka san ciyayyarmu. Ana idar da magariba mu shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mu bakwai, kowane magidanci a fito masa da kwanonsa, a haɗa a ci tare. Tun zamanin kakanka ake yi, ba a taɓa fashi ba sai da dalili. Ba a buɗe kwano biyu lokaci guda. A buɗe na wannan a cinye, a jawo na gaba. Kuma kowa sai ya sa hannu a kowane kwano, don in ka tsame hannu a na wani gida, kafin gari ya waye magana ta shiga ciki cewa Malam wane ya raina girkin gidan wane. An taɓa yin gaba ta wata uku a unguwar nan a kan loma ɗaya da ba a yi ba.

To ni sai na zama mutum biyu. A cikin gida ni ne mai bin dokar likita: ƙwan zabi biyu da kwaɗon zogale da safe, da rana miyar kuka da kifi ina sha da cokali. Innarka tana ta wahala, tana tsinkar rama, tana daka ƙuli-ƙuli. Da magariba kuma in fita in sa hannu a kwano bakwai. Tuwon dawa, tuwon masara, burabusko, wani lokaci taliya da manja. A kowanne ina cewa loma biyu kawai zan yi don fita kunya. Kai ka yi makaranta, ka san abin da biyu sau bakwai ke bayarwa, kuma ka san lomar ubanka. Wata huɗu ina haka. Mazagin wandona bai matsa ko da ɗan yatsa ba.

Na koma asibiti, likitar ta duba gwaji ta ga ba abin da ya sauya. Ta tambayi Innarka ko ana bin abin da ta ce. Innarka ta rantse ana bi, har idonta ya kawo ruwa, don gani take laifinta ne, ita ce ba ta iya girkin ba. A hanyar dawowa ta ce mini, "Malam, ko dai a nemo wata ta koya mini?" Wallahi Abba ban taɓa jin na muzanta kamar ranar ba. Na bar baiwar Allah tana zargin hannunta, alhali nawa hannun ne mai laifi.

Da magaribar ranar aka jera kwanuka. Aka buɗe na gidan Malam Iro, tuwon dawa ne da miyar kuɓewa busasshiya, tana ta ƙamshin daddawa. Kowa ya wanke hannu ya matso. Ni na naɗe nawa a cinya. Na ce, "Jama'a, ina da magana. Ina da ciwon sukari. Likita ta hana ni tuwo sai ɗan kaɗan. Wata huɗu ke nan ina ci saboda kunyarku, kuma yana cutar da ni. Ba raini ba ne, ku isar mini cikin gida. Ina so in sauka daga kujerar nan in yi sujada kafin in mutu."

Ni na riga na saddaƙar za a yi gaba da ni. Sai Malam Iro ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar leda ya ajiye a kan tabarma. Irin maganina ne sak. Ya ce, "Shekara guda ke nan ina ɓoye wannan. Ni kuma kunyarka nake ji, Malam Ado, don kada ka ce na raina tuwon gidanka." Muka dubi juna. Ashe shi yana cusa tuwon gidana don ni, ni ina cusa na gidansa don shi, kowa yana kashe kansa don ɗan'uwansa. Habu ne ya fara fashewa da dariya, ya ce bai taɓa ganin wawaye masu zumunci irinmu ba. Muka yi dariya har liman ya leƙo ya ga ko lafiya.

Abin da na ji tsoro wata huɗu bai faru ba. Ba wadda ta yi fushi a cikin gida. Abin ma gasa ya koma. Washegari daga gidan Malam Iro aka fito da kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli da tumatir. Kwana biyu da maganar, wani gida ya aiko da awara da yaji da kabeji. Iyalin Habu suka fara aiko da farfesun kai. Har yau a kwano bakwai, biyu ko uku na ganye ne, kuma masu lafiyar ma sun fi mu kai musu hannu, sai mun yi da gaske muke samun rabonmu. Ni da Malam Iro muna yin dunƙulenmu guda na tuwo, yau a kwanon wannan gida, gobe a na wancan, bi da bi, don kada wata ta ce an tsallake ta.

Abin da nake so ka ɗauka ke nan. Inda ka je za a yi maka tayi. Abokan aiki za su sayo shinkafa, maƙwabta za su aiko da kwano, wata rana gidan surukai ma za ka je in Allah ya yarda, kuma ina jira. Kada ka ɓoye, kada ka yi ƙaryar ka ƙoshi, don gobe ma za a sake kawowa. Ka faɗi gaskiya sau ɗaya, tun a farko, da fara'a. Ka ce likita ya hana ka, ka yaba girkin, ka ci naman da ganyen, ka sa albarka. Wanda yake ƙaunarka sai ya nemo abin da za ka iya ci. Kuma ba mamaki a cikin masu yi maka tayin akwai mai leda a aljihu. Gwaggonka Tabawa ma na je na same ta bayan suna na yi mata bayani. Ta ce me ya hana yaron nan ya faɗa mata? Ƙullin gyaɗar da ke gefen jakarka ita ta soya maka.

Kada ka zaci daga nan ban sake zamewa ba. Ƙaramar Salla ta farko bayan na sauka daga kujera na ce yau ai ranar farin ciki ce. Waina, sinasir, alkaki, lemon kwalba, ba abin da na bari. Yini ɗaya ya zama uku. Daga nan sai na ce tunda na riga na ɓata, bari in ƙarasa watan. Wannan tunani ya fi wainar illa. Malam Iro ne ya lura hannuna ya koma yawo a kwanuka, ya kama mini wuyan hannu a gaban kowa ya ce, "In ka koma kujera ni ba zan ɗauko maka ita ba." In ka zame, Abba, kuma za ka zame, kada ka jira Asabar ko farkon wata. Cin da ke gaba shi ne wurin gyara. Kuma ka nemi naka Malam Iron a can, mutum ɗaya da zai iya riƙe maka hannu ba ka ji haushi ba.

Sauran ƙananan abubuwa ka san su. Kada ka fita aiki da cikinka a wofi, don mai burodi da mai fanke a bakin hanya suke jiran irinka. Ka dafa ƙwai ka sa a jaka. Wurin mai shayi ka ce a soya maka ƙwai, shayin ba sukari, kada ka ji nauyi. Inda za ka iya zuwa da ƙafa kada ka hau babur. Kuma kada ka damu da hawa sikeli kullum, yana sa mutum ya karaya. Ni da mazagi na yi awo. Duk wata sai na ga ya ƙara tsawo, har sai da Innarka ta yanke rarar ta ɗaure bakin buhun kuka da ita.

Ranar da na sauka daga kujera kana makaranta, ba ka gani ba. Wata Juma'a ce da la'asar, bayan an yi girbi. Na shiga masallaci na nufi kujerata kamar kullum, sai na ji gwiwoyina shiru, ba sa cewa komai. Na tura ta gefe da ƙafa na shiga sahu kusa da Malam Iro. Da aka yi kabbarar sujada na tafi tare da mutane. Goshina ya taɓa tabarma, na ji sanyinta, na ji ƙanshin kaba da ƙasa. Abba, na yi kuka a wurin, ban ji kunyar kowa ba. Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, ni ban so ɗagowa ba. Da aka sallame Habu ya ce shi ya zaci sai an kira mutum huɗu sun ɗaga ni. Na tashi da kaina a gabansa, ban dafa ko bango ba.

Na ɗauko kujerar a ka na kawo gida. Tana nan a bayan rumbu, Innarka tana shanya kuɓewa a kai. Gonar tudu da ta fadama da gidan nan, in na kwanta dama kai da 'yan'uwanka za ku raba yadda Allah ya ce. Amma kujerar nan ban yarda ka gaje ta ba. Na fi so rana ta cinye ta a inda take.

Allah ya tsare mini kai a tafiyarka da zamanka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa albarka a aikinka da abin da za ka ci. Allah ya ba ka lafiyar da za ka yi masa sujada da goshinka har ƙarshen rayuwarka. Innarka tana gaishe ka, ta ce zogalen ka jiƙa shi da ruwan zafi kafin ka kwaɗa, kada ka yi mata ƙyuya. Mutanen ciyayya duk suna gaisuwa. Habu ya ce in ka zo hutu sikelin masu gyaɗa yana jiranka.

In ka zo, wurinka yana nan kusa da ni a sahu.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.